Kwalliyar Rumbun Nababa

Ranar da mutanen Zangon Kirya suka ga Nababa magini ya ratso gari da kwandon farar ƙasa a ka, sai kowa ya ce shi ke nan, yunwa ta taɓa wa tsohon nan kai. Kada ma ka ga laifinsu. Damina biyu a jere ruwa yana yi wa ƙasar Minjibir rowa. A yi shuka ta ƙone, a sake ta ƙone, har mutane suka zuba irinsu a ƙasa a banza, ɗan abin da ya rage kuma aka daka aka dama kunu da shi. Tafasa da yaɗiya sun zama tuwo, dusa ta zama abin a raba da ludayi. Ana cikin wannan hali wai mutum ya kwashi ƙafa har gindin rafin da ya ƙafe ya haƙo farar ƙasa. Ita ake ci?

Ashe Giwa zai yi wa kwalliya.

Giwa dai rufewa ce, wato rumbun ƙasa, wadda kakan Nababa ya gina tun kafin zuwan Turawa. Tana zaune a ƙofar gidansu bisa wasu gumagumai na kirya, baƙaƙe wuluk, waɗanda gara ta gwada haƙorinta a kansu ta haƙura. Girmanta ne ya jawo mata sunan. Bakinta yana can wuya, ƙarƙashin jinka, yana kallon hanyar kasuwa, sai da tsani ake kai masa. Duk wani mai furfura a garin nan a inuwarta ya yi langa yana yaro.

To, ga al'adar Zangon Kirya. In kaka ta yi aka cika rumbu, sai a liƙe bakinsa da laka, a shafe jikinsa da makuba, ruwan ɓawon ɗorawar nan da ke hana ruwa da ƙwari shiga, sannan a kira Nababa ya zana shi da farar ƙasa da ja. Rumbun da bai cika ba, ba a yi masa zane. Saboda haka ko baƙo ne ya shigo garin ba sai ya tambaya ba, idonsa zai gaya masa gidan da ake ƙoshi. Iyayen 'yan mata har satar kallon rumbunan gidan masu neman aure suke yi. Bana kuwa babu rumbu ɗaya mai zane a garin. Duk sun tsattsage, an yaye jinkar wasu an ba shanu, wasu an ture su an sayar wa masu motar itace gumagumansu.

Nababa yana bisa tsani yana shafa makuba da tafin hannu sai ga Sama'ilu, ɗansa na fari, ya dawo daga daji da ɗan ƙunshin ganye a hammata. Ya tsaya, ya dubi kwandon farar ƙasa, ya dubi ubansa.

"Baba, me ke nan?"

"Makanta ta kama ka ne?" in ji Nababa, ko juyowa bai yi ba. Shi dama bai taɓa kiran sunan Sama'ilu ba, don kunyar ɗan fari. Kai ne, ko wannan yaron, shi ke nan.

"Na ga makuba, wannan na gane. Amma farar ƙasar fa? Zane za ku yi mata? Me ke cikinta?"

Me ke cikinta kuwa, su biyun sun sani. 'Yan dammunan gero ne da ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, zaɓaɓɓun zangarniyu da Nababa ya ware tun kakar ƙarshe da aka yi ta arziki, ya bi su da toka da ganyen darbejiya. Irin gidansu ne, mai saurin nuna, tun na kakan da ya gina rufewar. Bara da kowa ya yi ta zuba iri a busasshiyar ƙasa, shi rabi ya fitar, ya hana a taɓa sauran. A cikin ƙaton cikin Giwa dammunan nan ko kusurwa ba su tare ba.

"Iri ne a cikinta," in ji Nababa.

"Irin da in an daka shi zai kai mu wata guda. Ga mai motar itace ya taya gumaguman nan da daraja. Baba, ana ga yaƙi kuna ga ƙura. Kowa ya san rumbu mai zane cikakke ne. Ƙarya za mu yi wa gari?"

Sai a nan Nababa ya juyo, makuba tana ɗiga daga gwiwar hannunsa.

"Ƙarya? Ni? Kai, rumbun da ke ɗauke da shukar baɗi, wane ne ya fi shi cika a garin nan? Tun ina goye nake ganin Giwa da kwalliya, ba kuma a hannuna za ta zauna tsirara kamar marainiya ba. Yunwa ta ci mana tuwo, ta ci mana awaki, to, ba za ta ci mana fuska ba. Miƙo min ƙwaryar nan."

Sama'ilu bai miƙa ba. Ya shige gida yana huci, tsohon ya sauko da kansa ya ɗauka.

Kwanaki ya yi yana aikin nan, daga hantsi zuwa la'asar, cikinsa babu komai sai ruwan tsamiya. Ya zagaye gindinta da jan layi, ya jera zangarniyu farare tas a cikinta, kowace da kanta a sama kamar an yi damina mai albarka. Da ya zo bakin da ya liƙe, sai ya zana dagi babba, ya ɗaure zarensa rabi a kan murfin laka rabi a jikin bango, yadda ko farce aka sa a wurin sai zanen ya nuna. Wallahi tunda yake zane bai taɓa yin mai kyan wannan ba. In rana ta faɗo mata da yamma, tun daga kan hanyar Minjibir ake hango Giwa tana ƙyalli a tsakiyar garin da ya yi furu-furu.

Nan fa bakin mutane ya buɗe. A bakin rijiya, a ƙofar masallaci, zancen ke nan. Wai dama an sani, tsohon nan ya daɗe yana ɓoyon hatsi. Wai maƙwabta suna kwana da yunwa shi yana yi musu gwalo da farar ƙasa. Mata suka riƙa aiko da ƙore gidan, a sam musu ko tsaba ɗaya, Rahmatu matar Sama'ilu tana mayar da su da rantsuwa, ana cewa ita ma ta koyi rowar surukinta. Nababa ya ji duk, ya yi kunnen uwar shegu. In ya wuce majalisa ya yi sallama aka amsa ciki-ciki, sai ya ƙara ɗaga murya ya tambaye su ya gida ya iyali, ɗaya bayan ɗaya, har sai sun amsa.

Ana nan sai ga motar tallafi ta shigo da jar dawa. Mai unguwa Muntaka, wanda tare suka yi ƙuruciya da Nababa, shi ke gaba yana nuna wa ma'aikacin rabon gidaje. Ma'aikacin wani saurayi ne mai fara'a, ba shi da mugunta ko kaɗan. Da suka iso ƙofar gidan ya ɗaga kai ya ga Giwa, sai ya yi murmushi.

"Masha Allah. Mai unguwa, mu wuce nan. Ni ma ɗan ƙauye ne, na san ma'anar rumbu mai zane. Dawar nan ba ta da yawa, a bar wa waɗanda ba su da shi."

"Ranka ya daɗe, ba haka ba ne," in ji Muntaka. Ya matso kusa da Nababa ya rage murya. "Magini, don girman Allah hau ka buɗe ya gani da idonsa. Gani ya kori ji."

Nababa ya dubi jama'ar da ta biyo motar. Idanu sun faɗa, yara sun yi shiru irin shirun da ba na ƙoshi ba. Ya san abin da zai biyo baya kamar yadda ya san tafin hannunsa. In aka fasa bakin nan a gaban mutanen nan, za a ga gero. Da an gan shi kuwa, wa zai iya cewa a mayar? Wannan zai ce 'yarsa ba lafiya, wancan zai ce matarsa na jego, kuma duk gaskiya suka faɗa. Kafin magariba an dake shi.

"Ba na buɗewa," ya ce.

"To, ko kankare zanen ka yi, mu ce tsohon zane ne."

"In kankare? Muntaka, a gabanka na koyi riƙon tsinken zane. Ka taɓa ganin na kankare aikina? Ranka ya daɗe," ya juya ga ma'aikacin, "gidan nan muna jin yunwa kamar kowa, ban ɓoye maka ba. Abin da ke ciki iri ne, ba na ci ba ne. In za ka ba mu don Allah, ka ba mu. In kuwa sai na tuɓe rumbun kakana a gaban jama'a, to, Allah ya kiyaye hanya."

Wani daga baya ya ce, "Iri! Wa ya ga iri a shekarar nan? Ku ji tsoho da wayo!" Aka ɗauki guna-guni. Ma'aikacin ya duba fuskokin mutane, ya ga babu mai goyon bayan tsohon, ya ɗaga kafaɗa. Mota ta yi gaba, ta sauke dawa a gidan da ke hagu, ta sauke a na dama.

Sama'ilu yana tsaye a zaure duk abin nan a idonsa. Da ƙurar mota ta kwanta, sai ya tunkari ubansa.

"To, Baba, kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Ga shi nan, sai mu lashi bango." "Ni gobe zan bi su Basiru abokina birni, unguwar Rijiyar Zaki, ana ɗaukar lebura a wurin gine-ginen nan. Amma ku ji da kyau, ban taɓa yi muku rantsuwa ba sai yau. In na dawo na tarar wani abu ya sami 'yata, na rantse da Allah da gatari zan kwantar da rufewar nan, in sayar da itacenta."

"Allah ya tsare," in ji Nababa. "Ka riƙa salla a kan lokaci."

Maganar Sama'ilu ta soki tsohon, kada ka ce ba ta soke shi ba. Amma ko a fuska bai nuna ba.

Bayan tafiyar Sama'ilu gidan ya rage su uku, tsohon da Rahmatu da 'yarta Barira, wadda ba ta daɗe da yaye ba. Nababa amaryata yake ce mata, irin wasan kaka da jika. Da can in ya ce, "Amarya, ina tuwona?" sai ta murguɗa baki ta ce ba ta son tsohon miji. Yanzu ta daina murguɗawa, sai dai ta bi shi da ido.

Rahmatu mace ce mai kunya, tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba. Amma ran nan da hantsi ta fito har gindin Giwa, ta durƙusa, ta ɗaga hannun yarinyar. Warwaron da ke wuyan hannun ya zame sululu har hammata.

"Baba, ku dubi hannun amaryarku."

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

"Ni ban ce a ture rumbu ba," in ji Rahmatu, hawaye na zuba. "Ban ce a cinye duka ba. Dami ɗaya. Ku da kuka iya gini, in kun ɗiba sai ku mayar ku liƙe, wa zai sani? Me ya sa ma kuka ɗaure bakin da zane kamar muna gida da ɓarayi?"

"Tashi, 'yar nan, daina durƙuso a rana." Ya nisa. "Kina tsammani don ɓarawo na yi dagin can? Wane ɓarawo ne zai hau tsani a ƙofar gidana? Don kaina na yi. Na san hannuna. In laka ce kawai, yau in ɗebi dami in liƙe, jibi in ɗebi wani in liƙe, kowace rana da hujjarta mai kyau. Ranar da ruwa zai sauka sai mu buɗe mu tarar da toka. Daga nan fa? Yunwar bana ta zama ta baɗi, ta zama ta baɗin baɗaɗa, mu watse mu bar gonakin nan. Amma dagin nan, in na fasa shi, duk mai wucewa zai gani, ni ma kullum zan gani."

"To, ita fa?"

"Ita ba za ta rasa ba. Daga yau akushina nata ne. Dama ina da niyyar azumi."

Haka kuwa aka yi. Azumin Litinin da Alhamis ya koma na yau da gobe, daga nan ya koma na kullum. Ɗan garin kwakin da Sama'ilu yake aikowa ta hannun direban motar Minjibir, in Rahmatu ta jiƙa ta kawo masa, sai ya taɓa da yatsa ya kai baki, ya ce, "Amarya, zo ki taya mijinki, ya ƙoshi." In Rahmatu ta yi magana ya daka mata tsawa, wai tun yaushe suruka take leƙa akushin surukinta. Shi kuwa ya koma ruwan kuka da 'ya'yan goruba, abin da haƙoransa ma ba sa iyawa.

Bazara ta shigo da zafinta mai narka ƙwaƙwalwa. Wata rana zazzaɓi ya kama Barira, ta kwanta ko kuka ba ta iyawa. Da azahar, lokacin da gari ya yi tsit kowa ya fake a inuwa, Nababa ya ɗauki ɗan gatarinsa ya jingina tsani. Hawan da a da yake yi yana waƙa, ran nan sai da ya huta a kowane mataki. Ya kai bakin. Ga dagi a gabansa, fari tas, zarensa ya shiga nan ya fita can, babu inda ya katse. Ya ɗaga gatari. Ta cikin laka har yana jin kamar ƙanshin gero na bugun hancinsa, yawu ya cika masa baki. Kai, yunwa ba ta da kunya! Ashe ba don yarinyar kaɗai ya hau ba, cikinsa ma ya rako shi.

Wannan ne ya ba shi haushi. Ya tofar da yawun.

"Ƙarya kike," ya ce da yunwa, a fili, kamar tana tsaye a gindin tsani. "Kin kori ɗana, kin ɓata ni da gari, yanzu kuma ni za ki aika? Ba ki isa ba."

Ya sauko, ya shiga ɗaki ya ɗauko babbar rigarsa ta saƙi, wadda ya ajiye don sallar idi, ya ba Muntaka ya kai kasuwar Minjibir. Da abin da aka samu aka sayo wa Barira magani da 'yar dawa. Zazzaɓin ya sauka. Shi kuma da ya ga rana ta ɗan cinye jan layin gindin Giwa, sai ya jiƙa jar ƙasa ya zauna dirshan a ƙasa yana sabunta shi, don tsayuwa ta fara gagararsa. Ƙafafunsa sun kumbura sun yi sumul, in ka danna yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Masu wucewa suna girgiza kai, shi kuwa yana ce musu, "A gaida gida."

Hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. 'Yan ci-rani suka fara dawowa, masu aikin lambu daga Watari, lebura daga birni. Sama'ilu ya sauka daga mota ran wata Laraba da ɗan buhu a kafaɗa. Barira ce ta fara tarar sa, ta rame amma da ƙafarta ta rugo. Ya ɗaga ta, ya yi hamdala. Sannan ya shiga zaure ya ga ubansa a kan tabarma, sai buhun ya suɓuce masa. Mutumin da ya bari da faɗin kafaɗa ya koma kamar karan dawa, in ban da ƙafafun nan.

"Baba! Me ya same ku haka?"

"Tsufa. Kai ba za ka yi ba? Ka tarar da 'yarka lafiya, ko? To, sai ka mayar da gatarinka."

Rahmatu ce ta gaya masa zancen akushi a tsakar gida. Sama'ilu ya zauna a bakin turmi ya rufe fuska da hula.

Bayan kwana kaɗan, da la'asar sakaliya, iska ta juyo da sanyi, gabas ta yi baƙi ƙirin. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ba irin yayyafin yaudarar nan na bara ba, ruwa ne na sosai, har kwatami ya cika, kwaɗi suka samu bakin magana. Nababa ya sa aka jawo masa tabarma bakin zaure, yana kallon yadda ruwa ke dukan Giwa yana gangarewa ta kan makuba, bai sami ko tsaga ɗaya da zai shiga ba.

Da gari ya waye ƙasa ta jiƙu har ƙasa, ƙanshinta ya cika ko'ina. A shekarun arziki da tuni gari ya watse gona, maza da sungumi a gaba, mata da yara a baya suna jefa iri. Ran nan kuwa sai ga magidanta tsaye cirko-cirko a ƙofar gidajensu, sungumi a hannu, babu abin zubawa. Jar dawar tallafi an cinye, dama kuma ba ta shuka ba ce. Muntaka da ya ɓoye 'yan zangarniyu a rumbunsa da bai shafe ba, ya buɗe ya tarar gara da ɓeraye sun riga shi.

Shi ne ya fara zuwa. Ya tsaya nesa kaɗan da Giwa, ya cire malafarsa yana juya ta a hannu. Sai wani ya biyo, sai wani. Har mai cewa tsoho da wayo yana ciki, ya laɓe a bayan mutane.

"Kai, ku fito da ni," in ji Nababa.

Sama'ilu ya tallabo shi ya zaunar da shi a kan ɗaya daga gumaguman kirya. Tsohon ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, kuma wallahi sai da ya ja musu rai.

"A'a, Mai unguwa, lafiya da sassafe? Kallon zane kuka zo? Ai na ji an ce gwalo nake muku da shi."

"Magini, a bar tone-tone," in ji Muntaka, kansa a ƙasa. "Mun yi kuskure."

"Ba tone-tone ba ne, gaisuwa ce." Ya yunƙura zai kama tsani, ƙafafun suka ce ba su san zancen ba. Ya koma ya zauna. Ya dubi ɗansa. "Kai, ina gatarin da ka yi rantsuwa da shi? Ɗauko. Yau ranarsa ce."

Sama'ilu ya hau. Da ya kai bakin, ya ga dagin nan kusa da kusa, sai ya tsaya. Ga sawun yatsun ubansa a cikin farar ƙasa, kowane lanƙwasa da inda hannun ya ɗan yi rawa. Ya san tsohon ba zai sake hawa tsanin nan ba har abada. Sai ya sa bakin gatari a gefe yana ɗan ƙwaƙula a hankali, wai ko zai ciro murfin ɗungurungum zanen bai lalace ba.

"Me kake yi haka kamar mai cire ƙaya?" in ji Nababa daga ƙasa.

"Baba, zanen ne. Ba na so ya fashe."

"Ƙasa tana shan iska kana lallaɓa laka! Sama'ilu!"

Jama'a suka ɗago kai. Sama'ilu kansa sai da tsanin ya motsa da shi, don tunda aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba.

"Fasa shi! Don wannan ranar na yi shi. Fasa!"

Ya ɗaga gatari ya sauke. Dagi ya tarwatse, ɓaraguzan fari da ja suka zubo a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya zura jiki ciki, ya jima, sannan ya fito da dami na farko ya ɗaga sama. Toka na zuba daga jikinsa, zangarniyu cif-cif, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa su ba. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sai kuma ta fashe da kuka.

A kan tabarma aka sussuke shi, a gaban Nababa, ba a bar ko tsaba ta faɗi ƙasa ba. Shi ya riƙa rabawa da ɗan ƙoƙo, kowane gida ƙoƙo guda, gidansa ma ƙoƙo guda. Masu malafa suka tara malafa, masu hula suka tara hula. Gero ai ƙanƙane ne, abin da ke cikin ƙoƙo sai ya shuke gona in hannu bai yi ɓarna ba.

"Saura wani ya kai wa matarsa ta dama kunu," yake ce musu. "In na ji, ko ina kabari sai na taso."

Kafin rana ta ɗaga, ƙofar gidan ta watse, ba ka jin komai sai saran sungumi daga gonaki. Rahmatu ta goya Barira ta yi gaba da ƙwaryar iri. Sama'ilu ya saɓa sungumi, ya juyo zai mayar da ubansa zaure, sai ya gan shi ya sunkuya da ƙyar yana tsintar ɓaraguzan farar ƙasa daga cikin taɓo, yana tarawa a shafin rigarsa.

"Baba, ku bar shi mana, ai ya gama aiki."

"Wa ya gaya maka? In aka jiƙa ta tashi take yi. Ungo, zuba a kwandon can ka rataye inda ruwa ba zai taɓa ba." Ya juye masa a tafin hannu biyu, ya riƙe hannuwan bai saki ba. "Ka ga yadda zaren dagin ya bi, ai ka gani da kyau kafin ka fasa. In kaka ta yi, ko ina nan ko ba na nan, Giwa ba za ta kwana tsirara ba. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

"To, me kake jira? Bar ni a nan, daga nan ina hango gonar. Wuce, ƙasa na bushewa."

Sama'ilu ya rataye kwandon a zaure, ya kama hanyar gona. Sai da ya yi nisa ya goge idonsa da bayan hannu, farar ƙasa ta shafe masa fuska.